Masu Gadin Ƙwaƙwalwar Jariri

A wannan fitowa muna so mu tattauna a kan wani aiki da ba a cika jin labarinsa a zaurukanmu ba, wato aikin mutanen da suka ƙarar da shekarunsu wajen binciken yadda za a tsare ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa daga lahani, da yadda za a gyara ta idan lahanin ya riga ya auku. Amma kafin mu kai gare su, bari mu fara daga gida.

Duk wanda ya tashi a gidan liman ya san da wuya mako ya wuce ba a zo gayyatar raɗin suna ba. Tun muna yara muke bin mahaifinmu da sassafe zuwa gidajen suna a nan Ridina da unguwannin da ke kewaye da ita, a raba goro da dabino, a yanka rago, a watse. Akwai wata safiya da har yau ba ta fita daga zuciyarmu ba. Bayan an raɗa suna, goggon jaririn ta fito da shi zaure a nannaɗe cikin zane domin a yi masa addu'a. Da haske ya sauka a fuskarsa sai aka ga idanunsa sun yi rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, tafin hannunsa ma haka. Yana wani irin kuka mai tsini, yana banƙarewa, kansa yana komawa baya. Mahaifinmu ya ce, "Hajiya, tun yaushe yake haka?" Ta ce, "Allah gafarta Malam, shawara ce. Yau kwana uku ke nan bai kama nono sosai ba, amma muna ba shi dauri." Ya ce, "Ku kai shi asibiti yanzu, addu'a za ta biyo ku a hanya." Aka kai shi, ya kuwa rayu. Yau ya zama saurayi, amma ba ya ji, wuyansa bai tsaya ba, hannuwansa suna motsi ba da son ransa ba. In ka dubi idanunsa za ka gane yana fahimtar abin da ke gudana a gabansa. Mahaifiyarsa ce ke ba shi abinci a baki har gobe.

Abin da ya same shi yana da suna a wurin likitoci, kuma yana da magani idan an zo da wuri. Wannan sanin kuwa bai faɗo daga sama ba, wasu ne suka yi wahalar nemo shi.

A shekarar 2022 jarirai kusan miliyan 2 da dubu 300 ne suka rasu a duniya kafin su cika wata guda, kuma a nan Cadi sama da 30 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai ba sa ganin ƙarshen watansu na farko. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙidaya. Akwai kuma waɗanda suka rayu da ƙwaƙwalwa mai rauni, irin yaron da muka ambata, su kam sai dai a gan su a tsakar gida. Manyan abubuwa biyu ne ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri wannan ɓarna a ƙasashenmu. Na farko shi ne yankewar iska a lokacin haihuwa, kamar idan naƙuda ta yi tsawo, ko mahaifa ta rabu kafin lokaci, ko jariri ya faɗo bai yi kuka ba. Na biyu shi ne shawara mai tsanani a makon farko.

Mu fara da na farko. An daɗe ana ɗauka cewa idan iska ta yanke wa jariri, to abin da ya lalace ya lalace nan take, babu sauran dabara. A shekarun 1980 wasu likitoci a Landan, ƙarƙashin jagorancin Osmund Reynolds, suka riƙa auna ƙarfin da ke cikin ƙwaƙwalwar irin waɗannan jarirai da na'urar maganaɗisu. Sai suka ga abin mamaki: a sa'o'in farko ƙwaƙwalwar takan yi kamar ta farfaɗo, sai daga baya ƙarfinta ya sake zubewa, ƙwayoyinta su shiga mutuwa. Ashe akwai ɗan tsakani tsakanin bugun farko da ɓarnar ƙarshe, kamar yadda katangar laka ba ta faɗuwa a daren da aka yi ruwa sai ta jiƙa ta tsage tukuna. Inda akwai tsakani kuwa, akwai damar a yi wani abu.

Wanda ya fi shahara wajen bin wannan dama shi ne Alistair Gunn, likitan yara a Jami'ar Oklan ta ƙasar Niyu Zilan, tare da malaminsa Peter Gluckman. Shekara da shekaru yana gwaji a kan 'yan tayin tumaki, yana neman amsar tambayoyi uku: wane irin sanyi ne zai rage ɓarnar, yaushe za a fara, kuma har tsawon wane lokaci. A 1997 ya nuna cewa sanyaya kan ɗan tayi na kwana uku yana ceton ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yawa, muddin an fara da wuri. A 1998 aka fitar da sakamakon gwajin farko a kan jarirai na mutane, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da mahaifiyarsa, Tania Gunn, wadda ita ma likitar jarirai ce. Sai a 2005 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu. A wanda aka yi a Amurka a kan jarirai 208, mutuwa ko naƙasa ta sami kashi 62 cikin ɗari na waɗanda ba a sanyaya ba, alhali a waɗanda aka sanyaya kashi 44 ne. Daga nan ya zama ƙa'ida a ƙasashe masu arziki: a saukar da zafin jikin jaririn zuwa digiri 33 da rabi, a fara cikin sa'o'i 6 na farko, a riƙe haka sa'o'i 72, kana a ɗumama shi sannu a hankali, duk a ƙarƙashin na'urori da idon ma'aikata dare da rana. Daga ganowar Landan zuwa wannan ƙa'ida an yi shekara ashirin. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

To, a nan ne darasin da ya fi shafarmu yake. Da yake sanyi ba abu ne mai tsada ba, an yi zaton wannan magani zai fi amfanar ƙasashe matalauta. Wani likita mai suna Sudhin Thayyil da abokan aikinsa suka ce sai an gwada tukuna. Suka yi gwaji a asibitoci bakwai a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash a kan jarirai 408, aka fitar da sakamako a 2021. Sanyayawar ba ta rage jimillar mutuwa da naƙasa ba. Hasali ma kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka sanyaya sun rasu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 31 ne. Masu binciken sun yi hasashen cewa a irin waɗannan wurare lahanin yakan fara tun jariri yana ciki, a tsawon naƙuda, ta yadda kafin a haife shi ɗan tsakanin nan ya riga ya wuce. Ke nan maganin da ya ceci jariri a can yana iya cutar da jariri a nan, kuma babu mai iya sani sai an yi bincike a kan ƙasar da za a yi amfani da shi. Muna kuma jan kunne da babbar murya: kada wani ya karanta wannan ya sanyaya jariri a gida. Sanyi yana kashe jarirai. Abin da jaririn gida yake bukata shi ne a tsane shi, a lulluɓe shi, a kwantar da shi a ƙirjin mahaifiyarsa.

Gyaran ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace kuwa ya fi tsaronta wuya nesa ba kusa ba. An sa rai ƙwarai a kan wani magani mai ƙara jini da ake kira eritiropoyetin, domin ya yi aiki a kan dabbobi, amma da aka gwada shi a Amurka a kan jarirai 500 tare da sanyayawa, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai ƙara komai ba. Haka rayuwar mai bincike take, yakan yi shekara goma a kan hanya guda ya tarar ba ta ɓullewa, ya faɗa wa duniya gaskiya, ya koma ya sake lale. Abin da ya tabbata yana aiki a irin namu yanayi shi ne taimaka wa jariri ya yi numfashi cikin minti ɗaya na farko da 'yar jakar hura iska. Da aka koya wa ungozomomin asibitoci takwas a Tanzaniya wannan dabara, rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kusan rabi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a je awon ciki, a kuma haihu a hannun wanda aka horar.

Yanzu mu dawo kan shawara, wadda takardun asibitinmu ke rubutawa da Faransanci ictère ko jaunisse. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, kuma idan suka farfashe sukan bar wani sinadari rawaya mai suna bilirubin. Hanta ce ke da aikin fitar da shi, amma hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Shi ya sa kusan jarirai 6 cikin 10 sukan yi ɗan rawaya a makon farko, kuma a mafi yawansu yana wucewa ba tare da illa ba. Amma idan sinadarin ya yi yawa ainun sai ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa, ya lalata sassan da ke kula da motsi da ji. Abin da ya lalace a nan ba ya dawowa. Maganin kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce, Jean Ward, ta fara lura da shi a 1956 a wani asibiti a garin Rochford na Ingila, inda ta ga fatar jaririn da haske ya taɓa ta washe, wurin da zane ya rufe kuma yana nan rawaya. Likitocin asibitin suka bi diddigi, suka buga sakamako a 1958. Daga nan aka sami fitilar nan mai shuɗin haske da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinta, wadda ke sauya sinadarin zuwa abin da jiki zai iya fitarwa. Idan abin ya wuce ƙarfin fitila sai a yi wa jaririn canjin jini.

Tun da akwai magani shekara sittin da suka wuce, me ya sa har yanzu yaranmu ke naƙasa? Wannan tambaya ce wasu likitoci na kusa da mu suka ɗauka ta zama aikin rayuwarsu. A Kano akwai Farfesa Zubaida Ladan Farouk, likitar jarirai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma malama a Jami'ar Bayero. Ita da abokan aikinta ba su tsaya ga sallamar jariri daga asibiti ba, sun bi yaran da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa domin su ga yadda rayuwarsu ta kasance, suka buga abin da suka gani a 2018. Tana kuma cikin ayarin likitocin Kano da Zariya da Jos da Asaba da Legas da suka haɗa kai da takwarorinsu na Amurka domin gano inda gizo ke saƙar. A ƙidayarsu ta farko, cikin jarirai 1,040 da aka kwantar saboda shawara, 159 ƙwaƙwalwarsu ta riga ta taɓu, kuma babban dalili shi ne jinkirin zuwa asibiti. Sai suka shiga koya wa mata masu ciki da masu jego yadda ake gane shawara da abin da ya kamata a yi. Rahotonsu na 2020 ya nuna cewa a cikin jariran da aka kawo da shawara, waɗanda ba a koya wa iyayensu mata komai ba kashi 29 cikin ɗari sun zo da ƙwaƙwalwa taɓaɓɓiya, waɗanda kuwa aka koya wa iyayensu tun a awon ciki da bayan haihuwa ba su kai kashi 2 ba. Babu wata sabuwar na'ura a nan. Magana ce aka yi da uwa, da harshen da take ji, a lokacin da ya dace.

A Legas kuma Dokta Bolajoko Olusanya, wadda ita kanta ta tashi da raunin ji, da Dokta Tina Slusher ta Amurka, wadda ta daɗe tana aiki a Nijeriya, suka dubi matsalar ɗaukewar lantarki da ƙarancin fitilu masu ƙarfi. Suka kafa rumfa da wata irin leda ta musamman mai tace hasken rana, tana tare mai ƙuna, tana barin shuɗin ya wuce. Suka gwada a kan jarirai 447, sakamakon 2015 ya nuna rumfar ta yi aiki daidai da fitila ga shawara marar tsanani, ana auna zafin jikin jariran a kai a kai. Wannan ba izini ba ne na shanya jariri a rana. Wanda ya san ranar Njamena ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da za ta yi wa ɗanyen jariri, kuma shanyawar tana cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti.

Binciken irin waɗannan likitoci ya kuma taɓo wasu al'adu namu. Da yawa daga cikin yaran ƙasashen da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Ba a gane shi da ido. Irin wannan jariri, idan ya shaƙi kafur ɗin da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai, ko aka shafa masa man zafi ko hoda mai mantol, ko aka sa masa lalle, jininsa yana iya farfashewa da sauri, shawara ta hau cikin sa'o'i kaɗan. Tun a 1980 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti da abokin aikinsa suka yi gargaɗi a kan mantol a Legas. Haka kuma idan jinin uwa da na jariri suka saɓa, abin da gwajin rukunin jini a awon ciki ke taimakawa a sani tun da wuri.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida. Mun saba mai jego da jaririnta suna ɗaki, labule a sake, har ranar suna, alhali shawara ta fi hawa tsakanin kwana na uku da na biyar. Kowace safiya a kawo jaririn bakin ƙofa inda hasken gari yake, a dubi farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a saki, a ga launin da zai bayyana. Rawayar daga fuska take farawa ta gangara ƙasa. Idan ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko ciki da ƙafafu, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko jaririn ya ƙi nono, ko barcinsa ya yi nauyi har ba ya tasuwa, ko kukansa ya yi tsini, ko yana banƙarewa, to a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Asibitin Uwa da Yaro yana nan cikin gari, kuma kuɗin kilando ko tasi bai kai kuɗin ragon suna ba. Kada a jira suna, kada a tsaya ga dauri ko ruwan sukari, a ci gaba da ba da nono a kai a kai. Magidanta, wannan magana taku ce kafin ta kowa. Ku bar izini da kuɗin mota tun kafin ku fita kasuwa, domin sau da yawa uwa ta ga alama amma tana jiran mai gida ya dawo. Kakanni da goggonni, ku ne ke riƙe da jariri a wannan mako, idonku shi ne ma'aunin farko.

Magana ta ƙarshe ga ƙannenmu da ke shirin jarrabawar bak, da iyayensu. Gwajin Indiya ya koya mana cewa ba a aron amsa, binciken Kano kuma ya nuna cewa 'yar gida tana iya samo ta. Akwai tambayoyi a nan Njamena da ke jiran mai ɗauka. Jarirai nawa ake haifa a unguwanninmu da ƙarancin sinadarin nan? Wace irin fitila ce za ta jure zafinmu da ƙurarmu da ɗaukewar wuta? Da waɗanne kalmomi za a koya wa uwa gane shawara da Hausa da Larabcin Cadi da Barbarci da Fulatanci? Me za a yi wa yaran da suka riga suka naƙasa domin su zauna, su ci da kansu, su yi karatu? Hanyar tana da tsawo: shekara bakwai ko fiye a tsangayar likitanci ta Jami'ar Njamena ko wata irinta, shekara huɗu na ƙwarewa a kan yara, sa'an nan koyon bincike, wanda ba ya ƙarewa. Ba hanyar tara dukiya ba ce, kuma mai binta zai sha ganin aikinsa bai ɓulle ba. Amma kada a manta cewa wadda ta fara lura da aikin haske ma'aikaciyar jinya ce mai sa ido, don haka ungozoma da mai jinya da mai gwajin jini duk suna da wuri a wannan ayari. Iyaye, idan 'yarku ta nuna sha'awa ku dafa mata, kuma idan aure ya zo a sa karatun cikin maganar tun farko. Matanmu sun fi sakin jiki su faɗi abin da ke damunsu ga mace 'yar'uwarsu mai jin harshensu.

Mun wuce ta ƙofar gidan nan kwanakin baya, muka tarar da saurayin a kan tabarma a inuwa, mahaifiyarsa tana goge masa baki da gefen mayafinta. Muka gaishe ta, muka ce, "Inna, ina gajiya?" Ta ce, "Babu gajiya, ɗan Malam." Ta ce yanzu duk gidan da aka haihu a layinsu, ita ce ke fara shiga ta ce a ɗaga labule.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.